Turmi, Taɓarya da Tambayar Draupadi: Muryar Wa Ake Ji a Tsoffin Labaran Indiya?

Akwai wata 'yar gajeriyar waƙa cikin harshen Pali, harshen tsoffin littattafan addinin Buddha, wadda ta haura shekara dubu biyu a duniya, da aka jingina wa wata mata mai suna Mutta. Ma'anarta ita ce: na kuɓuta, na kuɓuta sarai daga karkatattun abubuwa uku, turmi da taɓarya da mijina mai ƙusumbi, na kuɓuta daga haihuwa da mutuwa.

Duk wanda ya tashi a gidan da lugude ke tayar da mutane daga barci ba ya buƙatar a yi masa sharhin rabin farko. Rabin ƙarshen ne ke son bayani. A aƙidar mabiya Buddha, kamar ta mabiya Hindu, rai yana ta mutuwa yana sake dawowa duniya, kuma babban rabo shi ne mutum ya fice daga wannan kewayen gaba ɗaya. To ga mace ta ɗauko wannan babban al'amari ta jera shi da daka da zaman aure a numfashi ɗaya. Waƙar tana cikin wani kundi da ake kira Therigatha, wato waƙoƙin dattijai mata 'yan zuhudu, guda 73, kuma masana da yawa suna lissafa shi cikin mafi daɗewar adabin mata da ya rage a hannun ɗan Adam.

Sai dai da zarar mutum ya gama jin daɗin waƙar, tambaya za ta taso masa. Mutta ce ta faɗi wannan da bakinta, ko kuwa wani namiji ɗan zuhudu ne ya tsara ya sa mata a baki don ya nuna wa mata aibin zaman gida? Kusan duk binciken da jami'o'i ke yi a kan mata da maza cikin tsoffin labaran addinin Hindu da na Buddha yana kewaya wannan tambayar ce. Maza ne suka haddace waɗannan littattafai, su suka kwafe su, su suka yi musu sharhi. Amma ga mata a ciki suna magana, wani lokacin ma suna ƙure manyan malamai. Yadda za a saurari waɗannan matan ba tare da an ruɗi kai ba, shi ne aikin.

Asalin gardamar

Binciken ya samo asali ne daga gori. A 1817 wani Bature ɗan Sikotlan mai suna James Mill, wanda bai taɓa taka ƙasar Indiya ba, ya wallafa tarihinta. A ciki ya ce ana gane wayewar al'umma ne daga yadda take riƙe matanta, sannan ya yanke wa Hindu hukuncin koma-baya. Turawan mulki suka riƙe wannan a matsayin hujjar zamansu, musamman bayan sun haramta ƙona mace tare da gawar mijinta a 1829. Masu ilimin Indiya kuwa abin ya yi musu ciwo, sai suka koma cikin tsoffin littattafan Sanskirit suna neman abin mayar da martani. Suka samo sunayen mata irin su Ghosha da Apala da Lopamudra da aka jingina wa wasu waƙoƙin Rigveda, mafi tsufa a littattafan addinin Hindu da ake kira Veda, suka samo Gargi da Maitreyi masu muhawarar falsafa. Daga nan aka gina labarin cewa a zamanin Veda mace tana da daraja da ilimi, daga baya ne abubuwa suka lalace. Littafin da A. S. Altekar ya fitar a 1938 a kan matsayin mata a wayewar Hindu shi ya zama madogarar wannan ra'ayi, ya kuma daɗe ana karantar da shi.

A ɓangaren Buddha ma haka aka yi, sai dai Turawa mata ne suka ja gaba. Caroline Rhys Davids ta fassara Therigatha zuwa Ingilishi a 1909, daidai lokacin da matan Ingila ke fafutukar samun 'yancin jefa ƙuri'a, kuma ta ji amon wannan fafutuka a bakin su Mutta. Ɗalibarta I. B. Horner ta bi sawu da littafinta na 1930, inda ta nuna cewa zuwan Buddha ya sassauta wa mata ƙuncin da suke ciki.

Wadda ta girgiza wannan gini ita ce Uma Chakravarti, masaniyar tarihi a Delhi. A wata maƙala ta 1989 ta yi tambaya ɗaya: ina kuyangar zamanin Veda ta shiga? A cikin waƙoƙin nan da ake alfahari da su, akwai inda mawaƙi ke yabon sarki don ya ba shi kyautar shanu da dawakai da bayi mata. Wannan baiwar ita ma mace ce, ita ma a zamanin ta rayu, amma babu wanda ya ƙirga ta lokacin da ake auna darajar mata. An ɗauki 'yan tsirarun matan manyan gida an ce su ne matan Indiya. Bayan haka Stephanie Jamison, a 1996, ta bi littattafan hadaya dalla-dalla ta nuna abin da ya fi rikitarwa: namijin da ba shi da mata ba ya iya gabatar da manyan hadayu, dole sai da ita; amma idan ta zo, ana ɗaura mata igiyar ciyawa a ƙugu, a zaunar da ita a wurin da aka keɓe mata. Ana buƙatarta ƙwarai, ana kuma tsare ta ƙwarai, duk a zama ɗaya.

Tun daga nan masu bincike suka rage tambayar ko darajar mace sama take ko ƙasa. Suka koma tambayar yadda labarin kansa yake aiki: wa ke ba da shi, wa ke saurare, me ya sa aka sa mace ta yi magana a daidai wannan gaɓar, kuma wane yanki ne tsoho, wane ne aka ƙara daga baya.

Gargi a fadar Janaka

A cikin Brihadaranyaka Upanishad, wani tsohon littafin falsafar Hindu wanda masana ke kai shi wajen ƙarni na 7 ko na 6 kafin Miladiyya, Sarki Janaka na Videha ya tara malamai, ya killace shanu dubu da zinariya ɗaure a ƙahonninsu, ya ce wanda ya fi kowa sani ya kora. Ɗaya daga cikin malaman, Yajnavalkya, ya umarci almajirinsa ya kora su gida tun ba a fara ba. Ran sauran malamai ya ɓaci, suka taso masa ɗaya bayan ɗaya da tambayoyi. A cikinsu mace ɗaya ce, Gargi Vachaknavi, kuma ita kaɗai ta tashi sau biyu.

Karon farko da harshen masaƙa ta zo. Ta ce tunda duk abin nan an saƙa shi a kan ruwa, tsaye da gicciye, to shi ruwan a kan me aka saƙa shi? Ya ce iska. Iskar fa? Haka ta yi ta hawa da shi, duniyar rana, ta wata, ta taurari, har suka kai ƙololuwa, ta sake cewa, shi kuma a kan me? Sai ya ce mata, Gargi, kada ki wuce gona da iri a tambaya, kada kanki ya tarwatse. Ta yi shiru.

Da a nan labarin ya tsaya, da an ce ga namiji ya rufe wa mace baki da barazana, kuma akwai masu karanta shi haka. Amma wanda ya karanta babin gaba ɗaya zai ga wannan barazanar ba mata kaɗai ake yi wa ba. Shi kansa Yajnavalkya wani malami ya yi masa ita, kuma wanda kansa ya tarwatse a ƙarshe namiji ne, Shakalya. Sannan Gargi ta dawo. Wannan karon ta fuskanci taron malaman ta ce za ta yi masa tambaya biyu, in ya amsa, to babu ɗayansu da zai kayar da shi. Ta juya gare shi ta kwatanta kanta da jarumin Kashi ko Videha da ya ɗana baka ya riƙo kibiya biyu masu huda maƙiyi. Da ya amsa, ita ce ta yanke hukunci, ta ce wa malaman su gode in sun rabu da shi da gaisuwa kawai.

Masu bincike irin su Ellison Findly da Brian Black sun tsaya a kan wannan sauyin. Matar da aka ce ta yi shiru ta dawo ta zama alƙaliyar zaman, ta ari harshen mayaƙa bayan ta fara da na saƙa, kuma ta fita da kanta a wuyanta. Amma akwai abin da ba a mantawa: duk wannan bajinta tata a ƙarshe Yajnavalkya ta ɗaga. Mai labarin yana buƙatar abokin karawa mai ƙarfi don gwaninsa ya haska. Ni dai ina ganin duka biyun gaskiya ne, kuma kuskuren Altekar shi ne ɗaukar Gargi a matsayin shaidar cewa 'yan mata na zuwa makaranta a wancan zamani. Labarin bai faɗi haka ba. Abin da ya nuna shi ne masu sauraro na lokacin suna iya hango mace a irin wannan zama ba tare da labarin ya rushe ba, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Tambayar da ba a amsa ba

Mahabharata, wadda al'ada ke cewa baiti dubu 100 ce cikin littafi 18, ta ginu ne a kan rikicin sarauta tsakanin 'ya'yan wa da ƙani: Pandava su biyar da Kaurava su ɗari. Draupadi matar Pandava ce, su biyar ɗin duka, abin da shi kansa littafin yake ta ƙoƙarin kawo masa uzuri domin ba al'adar da aka saba ba ce. A littafi na biyu aka gayyaci babbansu, Yudhishthira, caca a fadar Hastinapura. Shakuni, gwanin magudi, ya yi wasa a madadin Duryodhana, babban Kaurava. Yudhishthira ya zuba dukiya aka cinye, ya zuba ƙasa, ya zuba ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, ya zuba kansa. Da ba abin da ya rage, Shakuni ya tuna masa da matarsa. Ya zuba ta, aka cinye.

Aka aiki bafade ya kira ta. Ta ce ya koma ya tambayi ɗan cacan nan a gaban jama'a: wa ka fara rasawa, kanka ko ni? Yudhishthira ya kasa cewa uffan. Sai Duhshasana, ɗaya daga cikin Kaurava, ya je ya jawo ta da gashin kai, tana cikin jinin al'ada, zane ɗaya ne a jikinta, ya kawo ta tsakiyar fada. A haka ta maimaita tambayar ga dattawa.

A duba nauyin tambayar. In ya riga ya zama bawa kafin ya zuba ta, bawa ba shi da mallaka, to da wane iko ya sa ta a caca? Bhishma, kakan gidan, wanda kowa ke komawa gare shi a kan shari'a, ya ce al'amarin dharma, wato abin da ya dace a bisa doka da addini, siriri ne ƙwarai, ba zai iya warwarewa ba: wanda ba shi da komai ba ya zuba kayan wani, amma kuma mace tana ƙarƙashin mijinta. Vikarna, ƙanin Duryodhana, ya tashi ya ce a ganinsa ba a ci ta ba. Karna, aminin Duryodhana, ya daka masa tsawa, ya ce macen da ke da miji biyar karuwa ce, a tuɓe ta. Vidura, baffansu, ya yi ta gargaɗi cewa wanda ya san gaskiya a majalisa ya yi shiru yana da kaso cikin zunubin ƙarya. Duk da haka ba wanda ya amsa. Abin da ya tsayar da zaman shi ne kukan dila da na jakuna, wanda aka ɗauka mugun alama ne, sai tsohon sarki makaho Dhritarashtra, uban Kaurava, ya tsorata ya ce ta roƙi abin da take so. Ta roƙi 'yancin Yudhishthira, ta roƙi na sauran huɗun da makamansu, ta ƙi karɓar na uku.

Masaniyar halayyar al'umma Irawati Karve, a littafinta na harshen Marathi na 1967, ta ga tambayar a matsayin babban kuskure. A ganinta ko ta ina aka amsa Draupadi ce a ƙasa: in yana da iko da ita, ta zama baiwa, in ba shi da shi, ta zama marar miji a tsakiyar maƙiya. Ta kuma ga rashin dacewar amarya ta tsaya tana jan dattawa da muhawarar shari'a. Ina girmama kaifin wannan karatu, amma ban bi shi ba, domin shi kansa matanin bai bi shi ba. Karna, wanda ya zage ta, shi ne daga baya ya ce Pandava suna nutsewa a ruwan da ba tudu, Draupadi ta zame musu jirgi. Alf Hiltebeitel da wasu sun nuna cewa tambayar ta zarce maganar caca: tana tono ko mutum yana mallakar kansa, balle ya mallaki wani, kuma shirun da aka yi mata shi ne ya haifi yaƙin da ya cinye gidan.

A nan ne aikin masu tantance matani ya shigo, kuma ya canza fuskar labarin. Duk wanda ya ga wannan fage a fim ko a talabijin ya san shi kamar haka: Duhshasana na jan zane, Draupadi ta ɗaga hannu ta kira Krishna, abin bautar Hindu kuma aminin Pandava, shi kuma ya yi ta sako mata zane marar ƙarewa. Daga 1919 zuwa 1966 cibiyar Bhandarkar da ke Pune ta tara kwafe-kwafen hannu fiye da 1,200 daga sassan Indiya, cikin rubutu iri-iri, aka gwada su baiti-baiti, akasarin tsarin a ƙarƙashin V. S. Sukthankar. Abin da riwayoyin arewa da na kudu suka haɗu a kai aka bar shi a matani, abin da wasu kwafe kaɗai ke da shi aka sauke shi ƙasan shafi. Franklin Edgerton na jami'ar Yale ya tantance littafi na biyu. Da aka gama, addu'ar Draupadi ga Krishna ba ta tsira a matanin ba. Abin da ya rage shi ne, ana jan zane wani irinsa na bayyana, ba a faɗi wanda ya kawo ba. Akwai masu cewa hannun Krishna na nan ko ba a ambace shi ba, suna kafa hujja da wani baiti a littafi na biyar inda yake cewa kiran da ta yi masa yana nesa bashi ne a wuyansa. Ko ma yaya ne, a tsohuwar siffar fagen abin da ke tsakiya shi ne mace da tambayarta, kuma masu kwafe na baya ne suka ƙawata shi da doguwar addu'a, har mai neman hujja ta koma mai neman agaji.

Ƙafafun Gotami

Labarin kafa zuhudun mata a addinin Buddha yana cikin littafin dokokin zuhudu. Mahapajapati Gotami ƙanwar mahaifiyar Buddha ce, ita ta shayar da shi bayan uwarsa ta rasu yana ɗan kwana bakwai. Ta same shi a Kapilavatthu ta roƙi a bar mata su bar gida su shiga zuhudu. Sau uku tana roƙo, sau uku yana hanawa. Da ya tafi Vesali, ta aske kanta, ta ɗaura tufafin zuhudu, ta bi shi a ƙasa da ayarin mata. Ananda, hadiminsa, ya same ta a bakin ƙofa, ƙafafu sun kumbura, jiki duk ƙura, tana kuka. Ya shiga ya roƙa mata, aka hana. Sai ya sauya dabara ya yi tambaya: shin mace in ta shiga wannan hanya tana iya kaiwa matuƙa? Buddha ya ce tana iyawa. Daga nan ya yarda, bisa sharuɗɗa takwas masu nauyi. Na farkonsu: 'yar zuhudun da ta shekara ɗari a hanya za ta miƙe ta gaida ɗan zuhudun da aka shigar yau. Sannan aka ruwaito ya ce da mata ba su shigo ba da koyarwar ta shekara 1,000, yanzu kuwa 500 za ta yi, ya kwatanta shigowarsu da cutar da ke faɗa wa gonar shinkafa.

Ta yaya baki ɗaya zai ce mace na iya kaiwa matuƙa, kuma ya kira ta cutar gona? Alan Sponberg, a 1992, ya ce ai ba baki ɗaya ba ne. Ya rarrabe muryoyi cikin littattafan: akwai mai cewa ƙofar tsira a buɗe take ga kowa, akwai ta masu tafiyar da jama'a da ke son ragama ta zauna hannun maza don gudun surutun gari, akwai kuma ta masu gudun duniya da ke ganin mace tarko ce. Labarin Gotami, a karatunsa, kamar takardar sulhu ce tsakanin waɗannan ɓangarori. Wasu sun lura cewa sharuɗɗan suna ambaton matakin horo na shekara biyu da shigarwa ta hannun 'yan zuhudu mata, abubuwan da ba za su kasance ba a ranar da babu mace ko ɗaya a hanyar. Bhikkhu Analayo, ɗan zuhudu Bajamushe, ya jera riwayoyin labarin da suka rage cikin Pali da Sanskirit da Sinanci da harshen Tibet a littafinsa na 2016, ya nuna inda suka saɓa, ya kuma kawo hujjar cewa maganar raguwar shekaru ta shigo ne daga baya. Oskar von Hinüber ma ya tafi nesa da haka, ya ce sai bayan rasuwar Buddha aka kafa zuhudun mata, ra'ayin da Analayo ya yi wa raddi. Mai karatun da ya saba da gwada riwaya da riwaya zai gane irin wannan aiki nan take.

Duwatsu kuma suna da tasu shaidar. Gregory Schopen ya ƙirga sunayen masu ba da gudummawa da aka sassaƙa a wuraren ibada na da, ya tarar a Sanchi yawan 'yan zuhudu mata da na maza kusan kunnen doki ne. A zamanin Sarki Kanishka wata mai suna Buddhamitra ta kafa gumaka a Kausambi, kuma rubutun ya kira ta masaniyar kunduna uku na koyarwar. Matan da littafin doka ya sa a sahun baya, ga su a dutse da dukiyarsu da laƙabin ilimi.

Wannan gardama tana da rai har yau. Zuhudun mata ya yanke a Siri Lanka wajen ƙarni na 11, aka farfaɗo da shi da bukukuwan shigarwa a Sarnath a 1996 da Bodhgaya a 1998. A Tailan hukumar addini ba ta amince da shi ba, tana riƙe da wani umarni na 1928, shi ya sa Dhammananda, tsohuwar malamar jami'a, ta je Siri Lanka aka shigar da ita a 2003. Kowane ɓangare da labarin Gotami yake kafa hujja.

Komawa ga Mutta

To waƙoƙin nan fa, na mata ne? K. E. Neumann, wanda ya fassara su zuwa Jamusanci a ƙarshen ƙarni na 19, ya yi zaton hannun namiji ne. Akwai dalilan taka-tsantsan: an yi ƙarnoni ana riƙe su da ka kafin a rubuta kundin Pali a Siri Lanka a ƙarni na 1 kafin Miladiyya, wasu baitoci ana maimaita su daga waƙa zuwa waƙa, wasu kuma magana ake yi wa matar, ba ita ke yi ba. Sannan tarihin rayuwar matan da kowa ya sani ya fito ne daga sharhin Dhammapala, wanda ya zo ƙarnoni da yawa bayan waƙoƙin. Shahararren labarin Kisa Gotami, wadda ɗanta ya mutu aka ce ta nemo ƙwayar mastad daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba, babu shi a waƙarta. Abin da ke waƙar shi ne zama mace wahala ne, zama da kishiya wahala ne, da kuma matar da ta haihu a hanya ta tarar da mijinta a mace.

Kathryn Blackstone, a 1998, ta bi wata hanya mai kyau. Akwai kundin maza, Theragatha, mai waƙa 264, daga hanya ɗaya da zamani ɗaya. Ta gwada su kalma da kalma. Maza sun fi zancen kaɗaici a daji, kuma idan suka ambaci ƙazantar jiki, yawanci jikin mace suke kallo daga waje. Mata sun fi zancen 'ya'ya da miji da malamar da ta koya musu, da daɗewar da suka yi suna fama kafin hankalinsu ya natsu, kuma jikin da suke dubawa nasu ne. Ambapali, wadda ta yi tashen kyau a Vesali, ta bi jikinta daga gashi zuwa tafin ƙafa: gashin da ya kasance baƙi kamar ƙudan zuma yanzu ya koma kamar zaren rama. Wannan bambanci bai kai yanke hukunci a kan kowane baiti ba, amma ya gamsar da ni cewa ƙashin bayan kundin daga bakin mata ya fito. Da wuya wanda bai taɓa riƙe taɓarya ba ya fara lissafin 'yancinsa da ita.

Soma, wata daga cikin matan kundin, ita ma haka. Mara, mai ruɗar masu ibada a labaran Buddha, ya same ta ya ce matsayin da take nema ba na mace ba ne mai hankalin yatsa biyu. Sharhi ya ce ana nufin yatsu biyun da mace ke latsa ƙwayar shinkafa da su ta ji ko ta nuna. Ta amsa masa cewa ina ruwan zama mace da wannan, in zuciya ta natsu, sani kuma yana gudana?

Kuyangar da Uma Chakravarti ta yi cigiya kuwa, in akwai inda ta buɗe baki a wannan tsohon adabi, to a nan ne. Punnika mai ɗebo ruwa ce. Ta ce kullum tana shiga kogi cikin sanyi don tsoron dukan uwayen gidanta da zaginsu. Ta tarar da wani Brahmin, ɗan gidan malamai, yana wanka yana rawar ɗari, ta ce ni tsoron duka ya kawo ni, kai fa tsoron wa? Ya ce wankan yana wanke zunubi. Ta ce wane marar sani ne ya gaya wa marar sani haka? In da gaske ne, da kwaɗi da kunkuru da kada duk sun shige aljanna, kuma ruwan da ya tafi da zunubinka ai zai tafi da ladanka. Abin da kake tsoro har yake kawo ka ruwa, ka daina aikata shi, kada sanyi ya ɓata maka fata. Mutumin ya ce ta dawo da shi hanya, ya miƙa mata mayafin wankansa kyauta. Ta ce ya riƙe abinsa, ba ta bukatar mayafi.